Katin Gurbi

A gidan tarihin garin akwai wata doka da ta girmi duk wanda ke aiki a cikinsa: ba a ɗaga abu daga mazauninsa sai an bar kati a gurbinsa. Katin ɗan ƙarami ne, rawaya, mai layi huɗu: lambar abin, ranar da aka ɗauke shi, inda aka kai shi, da sa hannun wanda ya ba da izini. Ko ƙura za a goge a ƙarƙashin tukunya, sai an cike kati. Mai kula da kayan gidan ya shekara ashirin da shida yana bin wannan doka bai taɓa tsallake layi ɗaya ba, abin da ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa suna Malam Tsaf. Ba don ƙauna suka sa masa sunan ba, amma ya karɓa, har yana amsawa.

Ranar da labari ya zo cewa mayaƙa sun tsallako gada, ma'aikata bakwai ne suka rage a gidan. Suka yanke shawarar raba kayan da suka fi daraja a tsakaninsu, kowa ya kai gidansa ya ɓoye. Tun hantsi har la'asar ana naɗe tukwane da tsummoki, ana cusa takubba cikin katifu, ƙarar manyan bindigogi kuwa tana ta matsowa. Duk wanda ya ɗaga abu, Malam Tsaf yana bayansa da alƙalami. Kati sittin da uku ya cike a wannan yini, da rubutunsa mai kyau wanda ko ɗan aji uku zai karanta ba gargada. Ba wanda ya hana shi, domin ba wanda ya lura. Shi kansa bai lura ba.

Bayan kwana biyu mayaƙan suka shiga gidan tarihin. Suka tarar da akwatunan gilashi wayam, sai katuna, kowanne yana sanar da mai karatu cikin ladabi gidan da ya kamata ya nufa. Gidaje shida suka samu a kulle, masu su sun gudu da abin da suka iya ɗauka, har da Malam Tsaf, wanda ya tsere a bayan motar gawayi rungume da manyan rajistocin gidan. Suka cinna wa gidajen wuta don kada zuwansu ya zama na banza. Na bakwai gidan kafintan gidan tarihin ne, wanda bai gudu ba saboda matarsa tana da tsohon ciki. Matar ita ce Auta, ƙanwar Malam Tsaf uwa ɗaya uba ɗaya. A hannun kafintan kuma aka bar abin da ya fi komai daraja: mutum-mutumin yumɓu na wata mace da jariri a bayanta, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, shekarunsa sun haura dubu. Mai Goyo ake ce mata.

Abin da gari ya sani game da wannan rana kaɗan ne, amma ya riƙe shi da kyau. An ɗaure kafinta a tsakar gidansa, an doke shi tun safe har rana ta take, bai buɗe baki ba, ya cika. Mayaƙa suka tafi hannu rabbana. Maƙwabta sun ji komai ta bayan katanga. Ba wanda ya leƙa. Yaƙin ya ci shekara huɗu. Da aka yi sulhu, hukuma ta aika aka tona ramin da ke ƙarƙashin teburin aikin kafinta, inda aka binne Mai Goyo, aka tarar babu komai sai ƙasa.

Hukuma ba ta sha wahalar tunani ba. Mutum biyu ne suka haƙa ramin. Ɗaya ya mutu bai faɗa ba. Ɗayan, Malam Tsaf, yana raye, kuma ya riga sauran ma'aikata dawowa gari da wata uku.

Ranar Litinin sabon Darakta ya aika a kira shi. Darakta ya yi nasa yaƙin ne daga wata ƙasa mai sanyi, inda ya gabatar da lacca goma sha ɗaya a kan halin da gidan ke ciki, ya dawo da jaka mai taya da siririn tabarau. Kafin a kai ofishinsa sai an ratsa babban zaure, wanda mayaƙa suka mayar barikinsu: ga baƙin murhu uku a kan daɓe, ga sunaye da ashar a bango, ga rufi a huje, tantabaru suna shiga da fita kamar su ne aka bar wa riƙon gidan. Firam ɗin akwatunan gilashi sun zama itacen girki tun shekarar farko. Katunan ne kaɗai suka tsira ba ko ƙwarzane, domin kwamandan mayaƙan ya adana su a aljihun tebur, a ɗaure da roba.

"Zauna," in ji Darakta.

Babu kujera a ofishin sai wadda yake kai. Malam Tsaf ya duba dama, ya duba hagu, ya ci gaba da tsayuwa.

Darakta ya zaro kati ɗaya daga ɗaurin, ya riƙe shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "Wannan rubutun wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Na sani. So nake in ji daga bakinka. Na zagaya gidajen tarihi a ƙasa tara, ban taɓa ganin inda aka bar wa ɓarawo adireshi ba sai nan. Da ma ka zana masa taswira, ka ajiye masa ruwan sha a ƙofa."

"Dokar gida ce."

"Doka. To ga wata dokar. Ranar Alhamis kwamitin bincike zai zauna a zauren nan. Ko ka zo da Mai Goyo, ko ka zo da tabarmarka, domin daga nan ba gida za ka koma ba. Ba ni mabuɗin sito."

Malam Tsaf ya cire igiyar da ke wuyansa, wadda gumin shekaru ya mayar baƙa, ya kwance mabuɗin ya ajiye a kan tebur.

"Ban ɗauke ta ba," ya ce.

"Mijin ƙanwarka ma bai ɗauke ta ba, shi mutuwa ya yi a kanta. Zauren nan sunansa za mu sa masa, an riga an ƙera allon tagulla. Kai ma ina tunanin abin da za mu sa wa sunanka. Watakila bayan gida, in an gyara shi. Rufe mini ƙofa."

Babu ƙofar, amma ya fita.

A zaure ya tarar da tsohuwa mai shara tana kankare kashin tantabaru. Tana cikin bakwai ɗin da suka raba kaya, kuma gidanta yana cikin shidan da aka ƙone. Ita kaɗai ce a cikinsu take yi masa magana har yanzu, don ta ga shiru bai ishe shi horo ba.

"Malam Tsaf, ɗaga ƙafa. Ko sai na cike kati?"

Ya ɗaga. "Iya, ɗaure ni za su yi."

"Sun makara." Ta ci gaba da kankara, sannan ta miƙe tana dafe da ƙugu. "Amma ku maza akwai abin mamaki. Kun zauna kun ƙirga mutum biyu. A gidan kafinta aljanu ne ke ɗora tukunya? Ita matar fa, makauniya ce ko kurma?"

"Tun da na dawo ba ta amsa gaisuwata ba."

"Ni ma da ina da wani wurin aiki ba zan amsa ba. Matsa, ka tare mini haske."

Washegari da hantsi ya nufi gidan kafinta. Gidan na gado ne, kuma wan kafinta, direban babbar mota, shi ke da ta cewa a cikinsa. Ya same shi a ƙofar gida zaune a kan taya, yana wanke wani ƙarfen inji cikin kwanon fetur.

"Wa nake gani kamar magatakardan mutuwa?" in ji Direba. "Yau sunan wa ka zo rubutawa?"

"Wurin ƙanwata na zo."

"Ƙanwarka? Nan gidan babu ƙanwarka. Akwai matar ƙanena, uwar marayunmu, matar gwarzo. A kanmu muke ɗauke da ita, albarkacin wanda ya yi shiru. Kai kuwa ko gawarka ba za ta ci albarkacin kowa ba." Ya ɗaga sifana ya nuna masa zauren gida. "Minti goma. In ka wuce zan shigo da wannan, kuma ba mota zan gyara ba."

Auta tana cikin tsohon shagon mijinta, wanda ya zama ɗakin ɗinkinta. Zarto da guduma ba sa nan, sai inuwarsu a bango inda fenti bai koɗe ba. Teburin aikin yana nan, keken ɗinki a kansa, an shimfiɗa buhu a kan ramin da hukuma ta tona ta tafi ba ta cike ba. Yaran suna makaranta. Ya yi sallama. Keken bai tsaya ba.

"Auta."

"Ɗinki ka kawo? Ba na ɗinkin maza."

"Ranar Alhamis za su ɗaure ni."

"Da igiya ko da waya? Shi da waya suka ɗaure shi, ta shanya. Ni na sayo ta."

Ya tsuguna a bakin ƙofa, tun da ba a nuna masa wurin zama ba. "Na san abin da na yi. Babu ranar da gari zai waye ban..."

"Ba ka sani ba. Labari ka ji, a sansanin gudun hijira, kana zaune a kan rajistocinka kana shan shayi." Ta ciji zare ta tofar. "Rajista, Yaya! Mota ta samu, ka rungumi takardu, ka bar ni da ciki wata tara. Ko leƙe."

"Mijinki ne ya ce ba za ki iya tafiyar ba."

"Kada ka ƙara sa shi a bakinka."

Ya jira har ta gama gefen rigar da take yi, ta juya ta.

"Abu ɗaya na zo tambaya, in tafi. Kin ga wanda ya tona ramin nan?"

Keken ya tsaya. Ta tashi, ta tsallake shi kamar yadda ake tsallake kwata, ta leƙa tsakar gida, ta jawo ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Na gan ta. Da murfin tukunya ta tona, a durƙushe, da ciki kamar tulu."

Malam Tsaf ya dube ta.

"A ɗakin nan suka kulle ni," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kallonsa. "Ina jin komai. Yana cewa bai sani ba, bai sani ba, har muryar ta daina fita, sai ƙarar dukan kawai. Da rana ta take na buga ƙofa, na ce su zo. Suka ture mini teburin, na tona, na miƙa wa kwamandansu ita hannu da hannu. Ya warware tsumman, ya duba lambar da ke ƙasanta, ya duba katinka, ya ga sun yi daidai, ya ce madalla da aiki. Yaba maka ya yi, na ce bari in isar da saƙo. Suka sa ta a buhu tare da kayan aikinsa suka fita, shi ya sa maƙwabta suka ce ba su samu komai ba. Na fita in kwance shi, na taɓa shi, ya riga ya yi sanyi. Ashe tun tuni ya tafi. Dukan da nake ji daga baya, buhun garin katako suke jibga. Don ni."

Tsakar gida wata kaza tana ta kuka. Malam Tsaf ya cire hularsa, ya rasa abin da zai yi da ita, ya mayar.

"Auta, in kika faɗa wa kwamiti wannan..."

Ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. "Ku ji shi. In faɗa wa kwamiti, wansa yana zaune, ya ji cewa ƙanensa ya ba da rai a kan abin da ni na miƙa da murfin tukunya? Yaran nan uku, a makaranta nuna su ake yi, ana cewa ga 'ya'yan gwarzo. Abin da ubansu ya bar musu ke nan, sai ɗakin nan. Ka san wansa. Ranar da ya ji, ranar zai watso mini keke titi, ya riƙe yaran."

"To me ya sa kika gaya mini?"

"Don ka shiga gidan yari kana sane cewa akwai wadda za ta iya fitar da kai da kalma biyar, kuma ba za ta yi ba. Na daɗe ina neman abin da zan ba ka, sai yau na samu daidai kai."

Ya daɗe yana kallon buhun da ke kan ramin. "Kin yi daidai," ya ce. "Ba zai fita daga bakina ba. Na yi miki alkawari."

"Alkawarinka ka riƙe abinka, ba na ajiyar kayan mutane kuma."

Sifana ta daki ƙofar zaure sau uku. Keken ya ci gaba da tafiya tun kafin ya gama miƙewa.

Ranar Laraba ya yi ta shiri. Ya naɗe tabarma, ya ɗaure ta da igiya ƙulli biyu, ya haɗa buta da maganin hawan jini da tabarau na biyu. Ya ba maƙwabcinsa ajiyar akuya. Abin mamaki, wani sauƙi ya sauko masa irin wanda rabonsa da shi tun kafin yaƙi. Ga shi zai biya abin da ya ɓata, kuma da yardarsa. Kafin la'asar har ya fara ganin kansa da ɗan kwarjini.

Ranar Alhamis kwamitin ya zauna a ɓangaren zauren da rufinsa bai huje ba, a kan bencina da aka aro daga makarantar firamare. Shugabansa tsohon alƙali ne mai ritaya, wanda ke kora ƙuda da fayil. A gefensa sakatare, gabansa babbar rajistar gidan a buɗe, ita dai wadda Malam Tsaf ya tsere da ita a motar gawayi. Mutanen gari sun cika bayan zauren. A benci na gaba an zaunar da iyalan gwarzo, Direba da Auta, kusa da allon tagulla da aka jingine a bango an lulluɓe shi da ƙyalle. Malam Tsaf ya tsaya a tsakiya, tabarmarsa a ƙafarsa.

Darakta ya yi jawabi na minti arba'in, inda ya ambaci ƙasashe taran duka. Da ya zauna, Alƙali ya farka.

"Malam, ina Mai Goyo?"

"Ban ɗauke ta ba, ranka ya daɗe."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka san wanda ya ɗauka?"

"Ba ni da abin cewa."

"Ɓarawo!" in ji Direba, bai ko tashi ba. "Ka kashe mutum, ka dawo ka yi wa kabarinsa sata!" Bayan zaure ya amsa da guna-guni. Wani ya jefo ɓawon lemo, ya sauka a kan tabarma.

Sau uku Alƙali ya maimaita tambayar, sau uku ya samu amsa iri ɗaya. Auta tana kallon farcenta. Malam Tsaf kuwa ya ga ashe shiru ba shi da wuya kamar yadda ya zata.

"To," in ji Alƙali. "Mu ba masu duka ba ne. Sakatare, karanta abin da za a shigar a shafinta, mu miƙa shi ga 'yan sanda mu tashi."

Sakatare ya gyara murya. "Ta ɓata ta hannun ma'aikacin gida bayan sulhu. A cire ta daga jerin kayan da mayaƙa suka wawashe."

"A cire ta daga jerin?" in ji Malam Tsaf.

"Ashe kana magana," in ji Alƙali. "Jerin nan shi ake aikawa da hotuna zuwa kan iyakoki, da tashoshin jiragen ruwa, da gidajen gwanjon ƙasashen waje, don duk inda abu ya ɓulla a riƙe shi. Ƙarshen wata za a rufe shi. Abin da ke ƙarƙashin gadonka kuwa ba sai an wahalar da mutanen tashar jirgi ba."

"Ke nan ba wanda zai neme ta."

"'Yan sanda za su neme ta. A gidanka."

Sakatare ya cire murfin alƙalaminsa. Malam Tsaf ya san shafin. Shi ya ja masa layi da rula shekara talatin da suka wuce, shi ya auna tsawonta da faɗinta, shi ya rubuta cewa kunnen jaririn na hagu ya ɗan ɓantare. Babu gogewa ko ɗaya a shafin, babu kuskure. Ya ga bakin alƙalamin yana saukowa a kan layi na ƙarshe.

"Ba daidai ba ne."

"Me ka ce?"

"Abin da zai rubuta ba daidai ba ne. Mayaƙa ne suka ɗauke ta, ranar da suka shiga gidan marigayi, bayan rana ta take. A buhu suka fita da ita."

Auta ta ɗago kai.

"Kana wurin?" in ji Alƙali.

"A'a."

"To ba ma shigar da ji-ta-ji-ta a rajistar hukuma, kai ka fi kowa sani. Wa ya gani? Suna."

Ko don Mai Goyo ya yi, ko don tsoron gidan yari da ya kwana biyu yana ɓoye wa kansa, ko don layin nan guda da zai zauna a karkace har abada, shi kansa bai taɓa iya rarrabewa ba daga baya. Da ya ce matar marigayi ta gani, ya tsaya nan, da watakila an wuce wurin. Amma Malam Tsaf bai iya rabin bayani ba. Ya faɗi wadda ta buga ƙofa, da wadda ta tona, da wadda ta miƙa, da dalilinta, da buhun garin katako. Ya jero su bi da bi, a natse, yadda sakatare zai ji daɗin rubutawa.

Ana jin takun tantabaru a kan kwano.

Alƙali ya ajiye fayil. "Baiwar Allah, abin da wanki ya faɗa gaskiya ne?"

Da ta ce ƙarya ne, babu mutum ɗaya a zauren da zai ƙi gaskata ta. Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallon allon da ke lulluɓe.

"Gaskiya ne. Ban taɓa yi wa mijina ƙarya yana da rai ba, ba zan fara a gaban allonsa ba. Ba don wancan na faɗa ba," ta nuna Malam Tsaf da haɓa. "Kuma ya manta da murfin tukunya nake tona. A rubuta, kada ya kasa barci."

Direba ya tashi a hankali, kamar mai ɗauke da kaya a ka. Bai dubi Malam Tsaf ba. Auta ya duba, tun daga kai har ƙafa.

"Shekara huɗu," ya ce, "muna tsugunawa muna gaishe ki."

Ya fita, mutane suna dare masa hanya. Jim kaɗan aka ji motarsa ta tashi.

Darakta ya sunkuya wurin Alƙali yana raɗa da ƙarfi. Abin da ya dame shi allon ne, ko yana nan daram ko sai an sake ƙera wani. Alƙali ya ce marigayin dai bai yi magana ba, kuma abin da allon ya ce ke nan, saboda haka bai ga dalilin wahalar da maƙera ba. Sakatare ya rubuta sabon layi, ya karanta: mayaƙa sun wawashe ta, da shaidar matar marigayi, a bar ta cikin jeri. Kwamiti bai samu ma'aikaci da laifin sata ba. Mutanen bayan zaure suka fara watsewa da fuskar waɗanda aka gayyata biki aka ce an ɗaga.

Darakta ya zaro mabuɗin sito daga aljihu, ya jefa a daɓe kusa da ƙafar Malam Tsaf. "Gobe ƙarfe bakwai da rabi. Kuma kada ka yi mini magana sai a rubuce."

Ya sunkuya ya ɗauka. Da ya kai hannu ga tabarmar, tsohuwa mai shara ta taka ta da ƙafa.

"Bar ta nan. Ƙanwarka za ta fi ka bukatarta."

Ya fito titi. Rana ta yi zafi, babu inuwa, domin itatuwan bakin hanya ma sun tafi a yaƙin. Can gaba ya hango Auta tana tafiya a ƙasa, ita kaɗai, ta gefen shagunan da suka rushe. Ya bi ta da sauri, numfashinsa yana sarƙewa, har ya rage taku goma tsakaninsu.

"Auta! Tsaya ki ji. Gidana an gyara ɗaki biyu. Ke da yaran, in ya so mu je tare wurin wansa, in yi masa bayani..."

Ta tsaya. Ba ta juyo nan take ba. Ta sunkuya a gefen hanya, cikin ɓaraguzan wani shago, ta zaɓi rabin bulo, ta auna nauyinsa a hannu, sannan ta juyo ta fuskance shi.

Ba ta ɗaga hannu ba. Wani mai kura ya zo wucewa da jarkokin ruwa, ya dube su, ya sauka daga hanya ya zagaye.

Malam Tsaf ya ja da baya taku ɗaya, sannan ya ƙara wani. Ta jira har ya kai bakin kwata, ta juya ta ci gaba da tafiya. Har ta sha kwanar layinsu ba ta yar da bulon ba.